Gayyar Kwamfutoci: Daga Ramin Jeneba zuwa Gonakin Gadarif

Riɗi ba ya jiran kowa. Duk wanda ya taɓa nomansa ya san da zarar ganye ya fara rawaya kwanaki ƙalilan suka rage; ka yi nawa, kwanso ya tsage, ƙwaya ta zube cikin tsagar ƙasa, wahalar damina ta bi ruwa. A Gadarif da ke gabashin Sudan, inda gona guda kan kai fadan dubu, wato sama da hekta 400, wannan gaggawa ce ke juya gari da ƙauye idan watan Oktoba ya kama. Tarakta ta yi huɗa, ta yi shuka, amma yanka sai lauje. Motoci ke sauke leburori, waɗanda mutanen can ke ce wa jungo, wasu daga Habasha ta Gallabat, wasu daga Kordofan da Darfur, ga kuma Hausawan da kakanninsu suka yada zango a yankin kan hanyarsu ta Makka, zango ya zama gida. A yanke, a ɗaure dami-dami, a jingina su kai sama su sha rana, bayan kamar mako biyu a yi shimfiɗa, a kifa su, a kakkaɓe. Babu mai gonar da hannunsa ke isarsa. Dole a raba aikin ga dubban hannaye, kowa da layinsa, daga baya buhuna su haɗu wuri ɗaya.

Noman inji ya shigo wannan baƙar laka ne wajajen 1945, a yankin Gadambaliya, lokacin da Turawan Ingila ke neman dawar da za su ciyar da sojojinsu. Bayan shekara tara, a 1954, ƙasashen Turai goma sha biyu suka buɗe wata gona iri dabam a bakin birnin Jeneba, kan iyakar Suwizalan da Faransa. Sunanta CERN, kuma abin da ake girbewa cikinta lambobi ne. Ita ma ta wayi gari amfaninta ya fi ƙarfin hannun mai ita. Yadda aka yi da wannan amfani, da dalilin da ya sa gayyar da aka kira ba ta iso jami'o'in Gadarif da Kano da Maraɗi ba har yau, shi ne labarin.

Aikin CERN, a taƙaice, fasa abu ne don a ga cikinsa. Ana kora ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi ƙwayar zarra, a ba su gudu kusa da na haske, a sa su yi karo, sannan a bi sawun tarkacen. A shekarun 1960 da ido ake bin sawun. Akwai wata ƙatuwar tukunya mai ruwan sinadari, idan ƙwaya ta ratsa ta sai ta bar siririn layin kumfa, kamar jan cikin maciji a rairayi, kyamara ta ɗauka. Hotunan sun kai miliyoyi, don haka ake naɗe fim a rarraba wa jami'o'i, inda ma'aikata, yawancinsu mata, ke zama a ɗaki mai duhu suna duba su ɗaya bayan ɗaya. Fim ɗin tukunyar da ake kira Gargamelle cibiyoyi bakwai aka raba wa, kuma a ƙarshen 1972 wani ɗalibi a Aachen ta Jamus ya tsinci hoton da ya fara gaskata hasashen Abdus Salam na Pakistan da Steven Weinberg da Sheldon Glashow, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 1979. Ke nan raba aiki ga jami'o'i ya girmi intanet a wannan fanni. Har ma da wani abin dariya: a 1958 CERN ta ɗauki wani mutumin Holan, Wim Klein, aikin lissafi da ka, don a wasu lissafe-lissafen yana riga kwamfutar lokacin. Faifan bayanai kuwa a kan keke ake kai shi daga wurin gwaji zuwa ɗakin kwamfuta.

Wahalar musayar takardu tsakanin masana da ke warwatse a ƙasashe ce ta sa Tim Berners-Lee ya rubuta shawararsa a watan Maris na 1989, wadda ta haifi shafukan yanar gizo. Ranar 30 ga Afrilu 1993 CERN ta saki fasahar kyauta ga kowa. Wannan sanannen labari ne, ba sai na tsaya a kansa ba. Wanda ba a cika sani ba shi ne na ƙaninsa.

A watan Disamba na 1994 majalisar CERN ta amince a gina babbar na'urar karo da ake kira LHC, cikin wani rami mai zagayen kilomita 27, kimanin mita ɗari a ƙarƙashin ƙasa. Cikinta tarin ƙwayoyin da ake kira furoton ke gamuwa sau miliyan 40 a daƙiƙa guda, ana samun karo kusan biliyan ɗaya a wannan daƙiƙar. Babu rumbun da zai ɗauki wannan. Saboda haka tun a bakin ramin ake sheƙa: wasu na'urori ke duba kowane karo cikin ƙiftawar ido su zubar da ƙaiƙayi, abin da ATLAS ko CMS, manyan na'urorin gano sawun guda biyu, ke ajiyewa bai wuce kamar dubu ɗaya a daƙiƙa ba a shekarun baya. Abin da aka sheƙar ya tafi ke nan har abada, kuma wannan kaɗai na hana wasu masana barci, domin wa ya sani ko tsabar na cikin ƙaiƙayin? Duk da wannan sheƙa, abin da ke saura a shekara fetabait ne da dama. Fetabait ɗaya gigabait miliyan ne. Mai sayen datar gigabait biyu a wayarsa ya yi lissafin da kansa.

Ga inda gizo ke saƙar: kasafin gina LHC bai ƙunshi kuɗin kwamfutocin da za su tace wannan amfani ba. Gwamnatocin da suka riga suka zuba biliyoyi a rami ba su da niyyar ƙara aika kuɗi Jeneba. Amma idan aka ce wa ministan kimiyya na Italiya ko na Birtaniya ya sayi injina ya girke a jami'o'in ƙasarsa, 'ya'yan ƙasarsa su yi aiki a kansu, wannan magana ce mai shiga kunne. Ana yawan ba da labarin wannan shiri kamar wata karamci ce ta masana. Ni ban ɗauke shi haka ba. Larura ce, da siyasar aljihu, kuma ba aibu ba ne. Gayyar ƙauye ma ba don soyayya kaɗai ake zuwa ba, kowa na tuna ranar da tasa gonar za ta nuna. Mutanen Sudan nafir suke ce wa gayya, kuma ƙa'idarta ɗaya ce da tamu.

A ƙarshen shekarun 1990 wani kwamiti mai suna MONARC, wanda Harvey Newman na Caltech ke cikin jagororinsa, ya zana yadda za a jera cibiyoyin hawa-hawa. A daidai lokacin, 1998, Ian Foster da Carl Kesselman a Amurka suka fitar da littafin da ya yaɗa kalmar girid. Daga layin wutar lantarki suka aro ta: kamar yadda mutum ke soka fulogi a bango bai tambayi wace tasha ce ta ba da wutar ba, haka zai nemi ƙarfin lissafi bai san kwamfutar wace ƙasa ce ta yi masa ba. Duk lokacin da na karanta wannan misali sai na yi murmushi. A wajenmu wanda ya soka fulogi tambayarsa ta farko ita ce ko akwai wutar ma. A watan Satumba na 2001 majalisar CERN ta amince da shirin, Les Robertson ya ja ragamarsa, Tarayyar Turai ta zuba kuɗi ta shirin DataGrid sannan EGEE daga 2004 zuwa 2010, Amurka kuma ta kafa nata mai suna Open Science Grid. Haɗakar su ce ake kira WLCG.

Tsarin farko ya yi kama da sarautar gargajiya. CERN ce fada: nan ɗanyen bayani ke fara sauka, a naɗe shi a faifan maganaɗisu. Ƙarƙashinta akwai hakimai goma sha wani abu, manyan cibiyoyin ƙasa irin su Rutherford Appleton a Ingila, Karlsruhe a Jamus, Lyon a Faransa, Bologna a Italiya, Fermilab da Brookhaven a Amurka, TRIUMF a Kanada, da Taipei a Taiwan. Kowannensu na da waya tasa ta musamman zuwa fada, mai ɗaukar gigabit 10 a daƙiƙa tun farkon fari, kuma aikinsa ya riƙe kwafi na biyu na wani kaso na ɗanyen bayanin, dare da rana, ba hutu. Sai dagatai, kusan 160, kuma mafi yawansu jami'o'i ne. A nan ake yin aikin kwaikwayo, wato a sa kwamfuta ta ƙirƙiro biliyoyin karo na ƙarya bisa ka'idar da aka sani don a gwada su da na gaske, a nan kuma ɗalibai ke tace abin da suke nema. Ba a daɗe da fara aiki ba aka ga wayoyin sun fi yadda aka zata sauri, sai aka sassauta: dagaci na iya karɓar kaya kai tsaye daga kowane hakimi ko ɗan'uwansa dagaci. Yau cibiyoyin sun kai kimanin 170 a ƙasashe sama da 40, kuma abin da CERN kanta ke bayarwa bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin lissafin ba.

Bari mu zauna kusa da ɗaliba guda mai digiri na uku, a ce a Jami'ar Glasgow, da yamma tana shirin tashi. Ta rubuta ɗan shirinta mai cewa: a dubo min duk karon da ya fitar da ɗigon haske biyu masu ƙarfi kaza. Bayanan da take so sun fi ƙarfin kwamfutarta sau dubbai, kuma ba ta san inda suke ba. Ta buga umarni layi ɗaya ta tafi gida. Wata manhaja, PanDA sunanta idan 'yar ATLAS ce, ta karɓi aikin ta yanyanka shi gida ɗari biyar ko dubu, ta duba kundin da ke nuna inda kowane kwafi yake, ta tura kowane yanki inda kayansa ke ajiye. Ba a kwaso damin hatsi a kai wa injin sussuka birni; injin ake kai wa gona. Kafin a tura aikin ma akwai ɗan aike da ke riga shi zuwa, ƙaramin shiri da ke sauka kan kwamfutar jami'ar Tokyo ko ta Michigan ya leƙa: akwai wuri, kayan aiki sun cika, injin lafiyarsa ƙalau? Sai ya ga haka ne yake kiran aiki. Idan wani inji ya mutu da tsakar dare, yankin da ke kansa a sake tura shi wani wuri. Da safe ta zo ta tarar da 'yan fayiloli da za ta iya buɗewa a kwamfutar cinya. Ayyuka irin wannan sama da miliyan biyu ke gudana a rana.

Abin da ya fi ɗaure min kai a nan ba saurin ba ne, amanar ce. Me zai sa mai kula da injinan wata jami'a a Japan ya bar shirin wata baƙuwa da bai taɓa gani ba ya shiga cikinsu? Fataken goro sun warware irin wannan matsala tun zamanin Gwanja. Baƙon da ya sauka Salaga ba ya ciniki da bakinsa kaɗai, yana da mai masauki da ke tsaya masa, kuma kasuwa ta san mai masaukin. Haka girid ta yi. Kowace ƙasa ko yanki na da hukumar da ke duba mutum da fasfonsa ta ba shi takardar shaida ta lantarki, hukumomin kuma suka kafa ƙungiya a 2005 inda suke tantance juna. Shekara da shekaru da wannan shaida ake shiga. Wanda ƙasarsa ba ta da irin wannan hukuma, kuma jami'arsa ba ta cikin wata tawagar gwaji, baƙo ne da ya iso kasuwa ba mai masauki.

Su kuwa jami'o'in, ba a cika rera musu waƙa ba. A Birtaniya shirin GridPP da aka fara a 2001 ya haɗa jami'o'i kusan ashirin, kuma a wurare da yawa mutum ɗaya ko biyu ne ke riƙe da ɗakin injinan, su ne canza faifan da ya lalace, su ne rigima da sashen gine-gine kan na'urar sanyaya ɗaki. A Jami'ar Wisconsin tun 1988 Miron Livny da ɗalibansa suka fito da Condor, manhajar da ke kalen lokacin da kwamfutocin ofis ke zaune banza da dare. Jikarta na cikin abin da ke raba ayyukan LHC har yau.

Ranar sakamako ta zo 4 ga Yuli 2012, lokacin da ATLAS da CMS suka sanar da gano ƙwayar Higgs, wadda Peter Higgs da François Englert da wasu suka yi hasashenta tun 1964. Tana fitowa ne sau ɗaya cikin biliyoyin karo, ta ɓace nan take, kuma cikin kowace dubu kamar biyu ne ke rikiɗa zuwa ɗigon haske biyun da ɗalibarmu ke nema. Bayanan da aka tara har tsakiyar watan Yuni na cikin abin da aka nuna ran nan. Abin da a zamanin fim zai ci shekaru, an gama shi cikin makonni. Shugaban CERN na lokacin, Rolf Heuer, ya ambaci girid cikin abubuwan da ba don su ba da ba a kai ga nan ba.

Akwai wata rana kuma da ta fi wannan koya min darasi, ko da yake ba ta yi suna ba. A watan Nuwamba na 2017 wani babban bututun ruwa ya fashe a Bologna, ruwa ya cika ɗakin injinan cibiyar Italiya, ɗaya daga cikin hakiman nan. Watanni ta yi a rufe. Binciken bai tsaya ba. Sauran cibiyoyi suka ɗauki nauyinta, kuma ɗanyen bayanan LHC da ke hannunta akwai kwafinsu a Jeneba. A riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa.

Idan aka buɗe taswirar cibiyoyin WLCG, Turai fal take da ɗigo, Amurka ta Arewa da gabashin Asiya ma haka. Afirka kuwa sai 'yan ɗigo a bakin arewa da ɗaya a can ƙurya ta kudu. Maroko ta shiga ATLAS tun 1996, Masar na cikin CMS, Afirka ta Kudu na cikin ATLAS da wata na'urar gano sawun mai suna ALICE, kuma a 2015 cibiyarta ta manyan kwamfutoci da ke Cape Town ta sa hannu ta zama dagaci na hukuma. Daga Dakar zuwa Bur Sudan, duk faɗin ƙasar da Bahaushe ke fatauci da aikin hajji a ƙafa, babu ɗigo.

Ba ƙwaƙwalwa aka rasa ba. Sudan ta haifi Mahjub Ubaid Taha, masanin ka'idar waɗannan ƙwayoyi da ya yi digirinsa na uku a Cambridge, ya koyar a Jami'ar Khartum, daga baya ya koma Riyad. Abdus Salam ya kafa cibiyar Trieste a 1964 musamman don irin waɗannan masana na ƙasashe matalauta, kada kaɗaici ya kashe musu ilimi. Sai dai mai ka'ida alli da allo sun ishe shi. Girid kuwa waya take ci da wuta. A 2005, lokacin da ake shimfiɗa wa kowane hakimi layin gigabit 10, jami'o'in Afirka goma sha ɗaya, ciki har da Bayero ta Kano da Ahmadu Bello ta Zariya, sai da suka yi adashi da tallafin gidauniyoyin Amurka kafin su sayi intanet ta tauraron ɗan'adam a farashi mai sauƙi, kuma abin da suka saya gaba ɗayansu bai kai megabit 100 ba. Layi ɗaya tsakanin Jeneba da Lyon ya ninka na jami'o'i goma sha ɗaya sau ɗari. Na tuna a waɗannan shekaru na kwana uku ina ƙoƙarin sauke wani littafi a shagon intanet, kullum ya kusa ƙarewa sai a ɗauke wuta, mai shago ya ce a yi haƙuri janareta ba mai.

Sudan ta so ta riga maƙwabtanta a wannan fage. A 2004 ma'aikatar ilimi mai zurfi ta fara haɗa jami'o'in ƙasar da waya ɗaya, shirin da ya zama SudREN, kuma Dokta Iman Abul Ma'ali ta Jami'ar Khartum na cikin waɗanda suka ja shi har ya shiga ƙawancen UbuntuNet na gabashi da kudancin Afirka. Nijeriya sai a 2014 ta ƙaddamar da nata, NgREN, da jami'o'in tarayya 27. Wayar teku ma Sudan ta samu: akwai wadda ta ratsa Bahar Maliya daga Bur Sudan zuwa Jidda, sannan EASSy ta sauka a 2010. Jami'ar Gadarif, wadda aka kafa a 1994, shekarar da aka amince da gina LHC, ɗaya ce daga jami'o'in jihohi da gwamnatin Umar al-Bashir ta buɗe a jere a farkon shekarun 1990, da yawansu kafin a tanadi malamai da ɗakunan gwaji. Noma da likitanci da horar da malamai su ne gabanta, kuma daidai ne, domin abin da jihar ke buƙata ke nan. Amma ko da wani malami a can ya yi mafarkin girke injina, akwai katangar da takwaransa na Kano bai sani ba: daga Nuwamba 1997 zuwa Oktoba 2017 Amurka ta sa wa Sudan takunkumi, wanda ya hana sayar mata da kayan fasahar Amurka da manhajojinta. Shekaru ashirin ɗin nan su ne daidai shekarun da aka zana girid, aka gina ta, aka gano Higgs da ita. A 2014 har shafin karatu na Coursera sai da ya rufe wa ɗaliban Sudan ƙofa.

An yi ƙoƙarin cike gurbin ta hanyoyi biyu. Ta farko gwanjo. CERN na raba injinan da ta yi ritaya da su. A 2012 ta ba Jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi saba 220, kuma an yanyanka babbar kwamfutar Ranger ta Texas bayan 2013 aka aika wa jami'o'i a Afirka ta Kudu da Botswana da Tanzaniya. Ban raina wannan ba, domin a kan tsohuwar mota ake koyon kanikanci. Sai dai tsohon inji ya fi sabo shan wuta, kuma kyautar doki ga wanda ba shi da harawa wani nauyi ne. Hanya ta biyu ta fi kwanta min: horar da mutane. Makarantar fiziks ta Afirka, wadda Ketevi Assamagan, ɗan Togo da ke aiki a Brookhaven, ke cikin waɗanda suka kafa, ta fara a Stellenbosch a 2010, ta je Kumasi a 2012, Dakar a 2014, Kigali a 2016, Windhoek a 2018, kuma koyar da aiki da girid na cikin darussanta. A watan Nuwamba na 2014 CERN ta buɗe shafin da kowa zai iya sauke ainihin bayanan karo ba tare da shaida ba, har CMS ta zuba terabait 300 a 2016. Malami a Gadarif ko Sakkwato na iya ɗaukar ɗan ƙaramin kaso da aka tanada don ɗalibai ya sa ajinsa su zana tudun da wata ƙwaya mai suna Z ke yi a jadawali, da kwamfutar cinya guda. Wannan ba shi ne zama dagaci ba, amma leƙa gona ne, kuma da leƙe ake fara sha'awa.

Sai yaƙi. Ranar 15 ga Afrilu 2023 faɗa ya ɓarke a Khartum tsakanin sojoji da dakarun RSF. A Disamba Wad Madani ta faɗi, jama'a suka kwararo gabas, makarantun Gadarif suka zama masaukai, a jihar da tun 2020 ke ɗauke da 'yan gudun hijirar Tigray a sansanin Um Rakuba. A nan ne labarin Bologna ke dawowa. Tun zamanin Turawa komai na Sudan a Khartum aka tara shi: ma'aikatu, manyan jami'o'i, bankuna, cibiyoyin ajiyar bayanan kamfanonin waya. A watan Fabrairu na 2024 layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke kusan a duk ƙasar, saboda zuciyarsu na cikin birnin da ake yaƙi a kansa. Mutumin Gadarif da bai ji ƙarar harsashi ba ya kasa karɓar kuɗin da ɗansa ya turo masa ta manhajar banki, sai da aka sake girke wasu na'urori a Bur Sudan. Jami'o'in Khartum da na Jazira suka koma shirya jarrabawa a cibiyoyin aro a jihohin da ke da sauƙi da ƙasashen waje, ɗalibai da tsofaffin ɗalibai na fafutukar takardun sakamakon da ke cikin gine-ginen da aka wawashe. A Janairu 2025 jirage marasa matuƙa suka bugi tashar wutar Shuwak, Gadarif da Kassala suka kwana cikin duhu, alhali madatsar ruwan Atbara da Setit mai megawat 320 na nan kusa.

A tsakiyar 2026 aka tsara rufe LHC don a ƙara mata ƙarfi, ta dawo wajajen 2030 da nufin tara bayanai kusan ninki goma na abin da aka tsara mata tun farko, kuma tun yanzu ake muhawarar inda za a sami injinan da wutar. A Gadarif babban rumbun siminti da aka gina a shekarun 1960 na nan tsaye, ana hango shi tun daga nesa. Amma manoman yankin ba su taɓa zuba duk dawarsu cikinsa ba. Suna haƙa rami a tudun da ruwa ba ya kwanciya, matmura suke ce masa, su shimfiɗa ƙaiƙayi, su zuba hatsi, su rufe da ƙasa, wani a bayan gida, wani a gona, kuma dawar kan shekara biyu ko uku a ciki ba ta lalace ba.